Kada Ka Mayar Musu da Jitar

Kaura Namoda,
ranar Laraba da hantsi.

Malami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda ka buɗe ta. Na ce wa Innarka ta tura maka ita ƙasan jaka, ƙarƙashin ledar ƙuliƙuli, ta kuma gaya maka kada ka karanta sai mota ta wuce Gusau. Amma na san halinka, ƙila ko tasha ba ku bari ba ka farke ambulan. Allah Ya tsare hanya, Ya rufe idon mutanen daji daga motarku, Ya ba direbanku natsuwa, Ya sauke ku Jos lafiya.

Rabona da in riƙe biro in rubuta abin da ya wuce sunan mai rediyo a jikin rediyonsa har na manta, saboda haka ka yi haƙuri da hannun. Innarka ce ta jawo. Jiya da safe ina shan koko ta zo ta tsaya a kaina, ta ce, "Malam, ka san abin da zai kai yaron nan Jos jibi?" Na ce kiɗansu mana, mi zai kai shi in ba shi ba. Ta ce, "A'a. Jitar mutane zai mayar musu, ya yi musu sallama, ya dawo ya kama aikin sakatariya da Baffansa Liman ya samo mishi. Ya ba ka sabon albam ɗinsu, ya ce ka saurara, in ka ce bai yi ba zai haƙura da kiɗa. Kai kuma ka ce 'na ji', ka ci gaba da liƙin waya. Mako biyu yana jiran bakinka." Tana gama faɗa ta ɗauke kwanon ƙosai tun ban ƙoshi ba.

To bari in faɗi maganar tun a nan, don kada barci ya ɗauke ka a mota kafin ka kai ƙarshe. Kada ka mayar musu da jitar. Albam ɗinku ya yi kyau, ina son shi, kuma na saurare shi fiye da yadda kake zato. Akwai wuraren da kuka yi shirme, zan kuwa faɗa maka su ɗaya bayan ɗaya, ba zan rage maka komai ba. Amma ka zauna da abokan kiɗanka, ka ci gaba da abin da ka fara.

Kuskurena na farko da zan ba ka labari shi ne wanga na mako biyu, don shi ne sabo. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina ka ci, shi ya sa muke ce maka Malami. A gidanmu na Zurmi ban taɓa ganin uba ya dubi ɗansa na fari ya yaba mishi ba. Kakanka har ya koma ga Allah bai kira sunan Baffanka Liman ba, "kai" yake ce mishi, ko "wancan". Ranar da Baffanka ya sauke karatu gari ya cika gidanmu, shi kuwa tsoho ya shige ɗaki ya ce yana da baƙi. Haka na taso na gani, haka na yi da kai. Ƙannenka ina tsokanarsu, ina ɗaukarsu a kafaɗa, kai kuwa ko sakamakon jarrabawa ka kawo sai in miƙa wa Innarka in ce a ajiye. Na ɗauka ka san kunya ce. Ashe kai abin da kake gani shi ne uban da ɗansa bai burge shi ba.

Kunya ba abin yarwa ba ce, ina son ka riƙe ta a inda ta dace. Amma in mutum ya ɗora rayuwarsa a kan amsarka, ka buɗe baki ka ba shi. Wata rana wani cikin abokanka zai kawo maka waƙar da ya daɗe yana haɗawa, ya tsaya yana kallon fuskarka. Kada ka ce mishi "na ji". In ta yi, ka ce ta yi. In ba ta yi ba, ka nuna mishi inda ta karye, ku zauna ku gyara.

Ka san akwai kwalin kasakasai a ƙarƙashin bencin shagona, tunda a nan ka fara sato su kana ƙarami, kana zaton ban lura ba. Amma ban taɓa gaya maka yadda suka zo hannuna ba. Lokacin da na baro Zurmi na zo Kaura koyon gyaran rediyo, jirgin ƙasa yana zuwa, unguwar tasha cike take da mutanen kudu da na tsakiya masu aikin reluwe. Cikinsu akwai Bitrus, mutumin Kafanchan, mai gyaran injin jirgi, dogo mai dariya kamar ana buga ganga. Wata rana ya kawo min rikodarsa ta daina juya kaset. Na canza mata roba, na share kanta, na danna in gwada da kaset ɗin da ke ciki. Abin da ya fito na ji kamar an kifar da kwandon kwanoni a kan siminti. Na ce wayyo na ƙona wa bawan Allah kaya. Na sake kwance rikodar nan tas, na bi kowace waya, ban ga komai ba. Da ya dawo na ba shi haƙuri na ce akwai ƙarar da ta gagare ni. Ya danna, ya saurara, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Garba, lafiyarta lau. Haka kiɗan yake. Sunansa rok."

Na ce to Allah Ya sawwaƙe wa masu shi. Amma ya bar min kaset ɗin, wai in riƙa gwada kaya da shi. A saurare na uku kunnena ya tsallake ƙarar ya kama gangar da ke ƙasa, sai na ji tsikar jikina ta tashi. Na san wannan abin. Shi ne abin da nake ji a filin dambe ranar kasuwar Shinkafi, in makaɗi ya kama taken ɗan wasa har ka ga ƙato yana tsuma yana kuka. Bambancin kawai waɗannan da waya da lantarki suke yi. Tun daga ranar na kamu, kuma ban warke ba. Na faɗa maka wannan ne don ka san wanda ya yi wa albam ɗinku hukunci ba baƙo ba ne. Tun ba a haife ka ba nake jin kiɗan nan.

Kuskure na biyu a kan wannan kaset ɗin na yi shi. Zan tafi gida hutun Sallah, ba na iya barin shi, ba na kuma iya shiga gidan Malam da kaset mai hoton wasu ƙattai masu gashi har kafaɗa. Sai dabara ta zo min, irin dabarar da shaiɗan kan ba matashi kyauta. Na ɓare hoton, na liƙa farar takarda, na rubuta "Tafsiri, kashi na uku". Washegarin Sallah da hantsi kakanka yana zaure da wasu dattawa abokansa da suka zo gaisuwa daga Gurbin Bore. Ya shiga ɗakina neman tabarma, ya ga kaset a kan jaka, ya yi murna ɗansa ya fara hankali. Ya ɗauko ya sa a rikodarsa, ya ƙure murya don dattawan kunnensu ya yi nauyi.

Ina bayan gida ina wanke ƙafa na ji jita ta tsage. Na zo da gudu. Wani tsoho ya miƙe yana salati, hularsa a ƙasa, wani ya riga ya kai bakin ƙofa da takalmi ɗaya. Kakanka kuwa bai motsa ba. Ya bar abin ya ɗan yi tafiya, sannan ya kashe, ya dube ni ya ce, "Kai, wanga malamin naka, a wace makaranta ya yi karatu?" Dattawa suka fashe da dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Bayan sun tafi ya kira ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Maganar kiɗa malamai sun yi ta, kowa da abin da ya riƙe, kuma ka san nawa ra'ayin. Ba shi ya ƙona min rai ba. Ka ɗauki sunan littafin Allah ka rufe abin da kake jin kunya da shi, wanga shi ne ban yafe ba tukuna." Sai da na kwana uku ina gaishe shi yana amsawa da kai.

Saboda haka, Malami, duk abin da kake yi ka yi shi da sunansa. In an tambaye ka sana'arka a Jos, ka ce makaɗi ne kai, kada ka ce kana "harkar kwamfuta". Kada kuma ka yi wa addini riga ka rufe wani abu da shi. Ka tsare sallarka a kan lokaci, ko ana tsakiyar gwaji ka ajiye jita ka yi alwala, abokan kirki za su jira ka. Waƙar da ka san ba za ka iya kunna wa Innarka ba, kada ka sa hannunka a cikinta. Kuma na san abin da ke yawo a wuraren kiɗa, ƙwaya da kwalba da hayaƙi. Duk wanda ya ce maka sai da su hannu ke gudu a kan waya, ka ce mishi kai da koko da ƙosai ka koya.

Yanzu ga albam. Ranar da ka ba ni memorin ban sa shi a waya ba, don wayar nan tawa ko kukan akuya ta ɗauka sai ta mayar da shi na sauro. Na jira tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kasuwa ke yin sanyi, na ja ƙofar shago, na haɗa shi da tsohuwar amfilifaya da lasifikan nan biyu na katako da ba na yarda kowa ya taɓa. Waƙa takwas, na ji su a jere ban tashi ba. Washegari na maimaita. Tun ranar kullum sai na ji, har Alhaji mai shagon taya na kusa da ni ya leƙo ya tambaya ko injin niƙa na sayo.

Waƙar farko ta yi. Yadda ka buɗe ta kai kaɗai, jita tana gurnani a hankali kafin Danjuma mai ganga ya faɗo, wannan aikin wanda ya san abin da yake yi ne. Danjuma kuwa ka riƙe shi da kyau, hannunsa ba ya rawa, ba ya gaggawa, irinsa ba su da yawa. Waƙa ta biyu ban so ta ba. Kwaikwayon Turawa kuka yi tun daga farko har ƙarshe, kuma Yakubu mawaƙinku in yana Turanci sai ka ce ɗanyen rogo yake tauna. Ina da irin wannan waƙar cike da kwali, waɗanda suka fi ku iya ta sun yi ta tun kuna ciki. Ta huɗu da ta shida ba su da aibi, ba su kuma da abin da zai sa in tashi tsaye. Ta bakwai, wadda kuka yi a kan gonakin Kurya Madaro da aka bari ba a noma ba, na kunna wa Innarka ita, tunda na danginta ne. Ta ji har ƙarshe, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce wai hayaƙin dalma ne ya shige mata. Ta takwas ta yi tsawo. Kun gama magana tun a tsakiya, kuka ƙi sauka, kamar baƙon da ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe sabuwar hira.

Na tsallake ta uku da ta biyar da gangan, don sai na ba ka labarin kuskurena na uku za ka gane abin da nake nufi. Lokacin da na fara haɗa kayan amsa-kuwwa ina kai wa gidajen biki, aka kira ni wani ɗaurin aure a Shinkafi. Babban biki ne, an ɗauko wani dattijon mawaƙi da 'yan kalangunsa, za su yi wasa da yamma a ƙofar gida. Ni kuwa sabbin lasifika ke gare ni, ina son har mutanen bakin kasuwa su san kayan Garba sun iso. Na ƙure komai. Kalangu ya cika unguwa, lasifika tana kuwwa, muryar dattijo ta nutse, sai dai ka ga bakinsa yana motsi. Ya ɗago hannu ya yi min alama in rage, na yi kamar ban gani ba. Sai ya ajiye makirfo a kan tabarma, ya sa makaɗansa suka sassauta, ya ci gaba da waƙa da muryar da Allah Ya ba shi. Mutane suka matso suka yi tsit. Ni kuma ina can ina murɗe-murɗe har lasifika ɗaya ta yi tari ta ƙone a gefen kunnena. Da aka tashi ya kira ni ya ce, "Ɗana, an kira ka ne don a ji ni, ba don a ji ka ba." Kunnena na hagu har yau yana fito, shi ya sa kake ganin ina juya maka dama in kana magana.

A waƙa ta uku abin da na yi wa dattijon nan shi ka yi wa Yakubu. Na san ka iya, kowa ya san ka iya, yatsunka suna gudu kamar an biyo su. Amma ka hau kansa ka zauna, ban ji kalma ɗaya cikin abin da yake faɗa ba. Na rage, na ƙara, na canza lasifika, a banza, laifin ba na kayana ba ne. Ƙarfi daban, hayaniya daban, kuma kiɗan nan namu da ƙarfi yake rayuwa.

Ta biyar kuwa, Malami, ita ce albam ɗin. Waƙar hanyar Kaura zuwa Shinkafi, yadda motoci ke taruwa a jira juna kafin a shiga, yadda mota ke yin shiru in an kai wurin da kowa ya sani, yadda ake sauke numfashi in an hango gari. Wanda ya kawo shawarar sa kalangu a ƙarƙashin jita Allah Ya yi mishi albarka. A nan ka ja baya, ka bar Yakubu ya yi Hausarsa, kana bin shi a hankali kamar mai rakiya. Sai da ya yi shiru sannan ka saki jitar, kuma da ka sake ta na ajiye abin da ke hannuna. Na bi hanyar nan sau ba adadi da kaya a bayan mota, na san wannan shirun, ban taɓa zaton za a iya kaɗa shi ba. Ba Bature ba ne zai yi wannan waƙar, ba ɗan Legas ba ne, sai wanda ya zauna a motar. Ku bi wannan hanyar. Ka kuma riƙa toshe kunne in kuna wasa kusa da manyan lasifika, ba na son mu zama kurame biyu a gida ɗaya.

Kuskure na huɗu shi ne wanda ya fi daɗewa yana cina. Akwai lokacin da gari ya ɗau zafi a kan maganar kiɗa, kowa yana duban abin da maƙwabcinsa ke saurare. Ni ɗan gidan malamai ne, ina gyara lasifikan masallatai, ina tsoron baki. Wata rana da hantsi shagona cike da mutane, sai ga Bitrus da fara'arsa, riƙe da sabon kaset da wani ya kawo mishi daga kudu. Tun daga nesa yake kiran sunana. Mutumin da muka shekara goma muna cin abinci a kwano ɗaya, wanda ya kwana biyu a asibiti tare da ni lokacin da aka haife ka. Na dube shi kamar ban san shi ba, na ce, "Oga, ajiye a nan, in na samu lokaci zan duba." Ya tsaya, ya dubi mutanen, ya dube ni. Ya ce, "To, mai gyara." Ya ajiye ya fita. Bayan 'yan watanni ya bar aiki ya koma garinsu, ban je rakiya ba.

Shekaru suka wuce kafin in samu lambarsa a hannun wani tsohon ma'aikacin reluwe. Na kira ina in'ina, na fara jero haƙuri. Ya katse ni ya ce, "Garba, ka tsufa, ko har yanzu kana rufe ƙofa in za ka ji kiɗa?" Shi ke nan, ya wuce wurin, bai sake tayar da maganar ba. Yanzu duk Lahadi in ya dawo daga coci muna waya. Allah Ya rufa min asiri da mutumin kirki, amma ba kowa ke samun irin wannan sa'ar ba. Danjuma da mai bes ɗinku, mai jitar nan mai kaurin murya, ba addininku ɗaya ba, na sani. Kuna ci tare, kuna kwana ɗaki ɗaya, sun ba ka aron jita tunda ba ka da taka. Ranar da za ka haɗu da su a gaban mutanen garinku, ka kira su da sunan da kake kiransu in kuna ku kaɗai. In sun zo Kaura, gidan nan za su sauka.

Jiya bayan la'asar na je wurin Baffanka Liman. Na same shi a zaure yana duba littafi, na gaishe shi, na ce aikin sakatariya a ba wani mai buƙata, yaron nan ba zai karɓa ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Garba, kai ka lalata yaron ga." Na ce ni ne, Yaya. Ya ce, "Tun ranar tafsiri kashi na uku na san za a rina." Ashe bai manta ba. Sannan ya ce ra'ayinsa a kan kiɗa yana nan inda yake, ba zai canza ba, amma ba zai tsine wa ɗan ƙanensa a kan sana'a ba. Ya ce in gaya maka ka tsare asuba, ka kuma zo ka gaishe shi duk lokacin da ka shigo gari. Har ƙofa ya rako ni. Saboda haka wannan nauyin na sauke maka shi, ba sai ka je kana sunkuyar da kai ba.

Jos akwai sanyi, Innarka ta sa maka rigar sanyina mai ruwan ƙasa, ka sa ta ko ba ta yi maka kyau ba. Ka riƙa cin abinci mai zafi, ba burodi da lemo ba. Ka kira ta duk Juma'a, in ba haka ba ni za ta hana ƙosai. In za ka zo gida ka fito da sassafe, ka tambayi direbobi halin hanya kafin ka hau, kada ka yarda da motar da za ta shigo da yamma.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi min wuya. Ranar Lahadin da ta wuce na kara wayata a jikin lasifika na kunna wa Bitrus waƙa ta biyar. Ya saurare ta har ƙarshe. Sannan ya ce, "Wa ke jitar nan?" Ka san abin da na ce? Na ce wani yaro ne a nan unguwarmu. Ya ce, "Ƙarya kake, Garba. Ɗanka ne. Ina jin yadda kake numfashi." Na yi dariya na canza magana. Da na ajiye wayar sai na ɗauko takardar da ka naɗo memorin a ciki, mai hotonku, na sa tabarau na karanta ƙananan rubutun da ke baya. Kowa ya sa sunansa da na mahaifinsa. Kai kaɗai ne aka rubuta "Malami", babu komai a gabansa. Na tambayi Innarka, ta ce kai ka hana a sa, wai don kada a nuna ni da baki a masallaci.

Na zauna da takardar nan a hannu har aka kira magariba. Kai kana ɓoye sunana don ka kare ni, ni ina ɓoye naka don kunya, muna gida ɗaya muna cin tuwo ɗaya. Ban ji daɗin kaina ba, amma na ji daɗinka ƙwarai. Ina alfahari da kai, Malami. Na rubuta, ga shi nan da hannuna, ba kuma zan goge ba.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin ido da na baki. Allah Ya sa hannunka ya ciyar da kai halal, Ya dawo mana da kai lafiya duk lokacin da ka taso. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Ka gaishe min da Danjuma da Yakubu da mai bes, ka ce musu wani tsoho a Kaura yana jiran na biyu.

In kun zo yin shi, ka rubuta sunanka cikakke, ka sa nawa a gabansa, ka ƙara da sunan garin. In wuri ya yi kaɗan, a rage hoton Yakubu.

Mahaifinka,
Garba Mai-rediyo,
Kaura Namoda.